Ranar da Mota Ta Tafasa a Hanyar Tozai

A shekarun da na yi ina tuƙa wa maigidana mota, sai a yi kwana da kwanaki ba a ji kukan wani injin a Illela ba in ba namu ba. Motar Bature mai rangadi takan wuce in hanya ta bushe, yara su bi ta da gudu, shi ke nan. Tamu ƙarama ce, mazaunin mutum biyu a gaba, bayanta a buɗe, irin wadda daga baya aka raɗa wa suna a-kori-kura. Ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu. Wani Bakwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya gaji da ita a Kano ya sayar, wanda ya saya shi ma ya gaji, sannan maigidana ya sayo ta. Shi falke ne, sana'arsa fata da ƙirgi, yana saye a ƙauyukan da ke kewaye da mu har cikin ƙasar Faransa, ya kai Sakkwato. Ni kuwa na koyi tuƙi da ɗan gyara wajen wani fita, wato makaniki, Bayarabe, bayan an sallame mu daga dakon kayan soja a yaƙin Jamus. Na haura talatin, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma duk garin ba wanda ya san cikin injin sai ni. Wannan ya sa ina jin kaina ƙwarai.

Kwana goma kafin abin da zan faɗa, na yi wa motar rauni. Na kauce wa rami na hau kututture, ya daki ƙasan lagireto, wato tankin nan na gaba mai kama da saƙar zuma, inda ruwan injin ke hucewa. Bai fashe ba, 'yar tsaga ce, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis. Maigida ba ya wurin, ni kuwa na ɓoye masa. Na taɓa jin wani direba a Sakkwato yana cewa garin kuka na toshe yoyo, in an zuba cokali guda. Na ɗebo a tukunyar matata na zuba, yoyon ya ragu. Da yoyon ya dawo, na zuba tafi guda. Da aka ce za mu Tozai, na ƙara wani tafin don hankalina ya kwanta. Yoyo ya tsaya cak, na ce ai na iya.

Fata da ƙirgi muka je ɗauka a Tozai, amma ina da tawa buƙatar. Goggona, ƙanwar mahaifina, can take aure, kuma ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Kurkunu ya tsinke mata a ƙafa tun damina, ƙafar ta kumbura har gwiwa, ko bayan gida sai an tallafe ta. Na roƙi maigida in taho da ita Illela matata ta yi jinyarta, ya yarda. Shi da kansa ya ce ta zauna gaba kusa da ni, ya tattare rigarsa ya hau baya kan fatu. Ban da fatun akwai buhunan auduga, da garwa biyu na fetur, da garwa guda ta ruwan mota, da salkar ruwan sha.

Muka tashi da hantsi. An gama kaka, damina ta yi kyau waccan shekarar, gamba ta fi tsawon mutum, ta bushe ƙayau. Hanyar ta jakai ce, ciyawa na shafar motar dama da hagu.

Ba mu yi nisa da gonakin Tozai ba na fara jin ƙafafuna na ɗumi fiye da yadda na saba. Motocin wancan zamani ba su da allurar da ke nuna zafi, direba da fatarsa da kunnensa yake ganewa. Injin ya soma ƙara ƙwas-ƙwas kamar yana tauna tsakuwa, ƙarfinsa ya ragu. Can sai tururi ya fasa ta gefen murfin lagireto yana feshi a gilas. Na tsaya na kashe.

Maigida ya leƙo daga sama. "Direba, mi ya faru?"

"Zafi ta ɗauka, maigida. Yanzu za mu tahi."

Fitan da ya koya mini aiki yakan ce in mota ta tafasa kada hannu ya riga ido. Na ɗaga bonet na bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya nuna mini. Fanbel, igiyar da ke juya fanka, tana nan daram, ba ta saki ba. Na leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe, ba yoyo. Na duba baƙin mai, don in ya koma fari kamar nono to ruwa ya shiga inda bai kamata ba, injin ya tsage ke nan. Baƙi ne wuluk. Na zaga na taɓa ƙafafun baya ko birki ne ya riƙe, na ji su lafiya. Da na dawo gaba sai na ga fuskar lagireto ta toshe da furen ciyawa da ƙarangiya, kamar an manna mata tabarma. Iska ba ta da ta inda za ta shiga. Na ji daɗi har na yi dariya, na ce ga ɓarawon nan.

Na karyo tsinke na zauna ina tsattsage ramukan ina hurawa. Da ta ɗan huce na naɗe hannuna da tsumma na buɗe murfin a hankali, na ƙara mata rabin garwa. Ruwan da na hango ciki duhu ne, ga wata kumfa mai kauri. Na gani sarai, na kau da kai, na rufe.

Ina cikin haka maigida ya miƙe tsaye kan fatu, ya kare rana da hannu yana duban inda muka fito.

"Akwai hayaƙi bayanmu."

Na hau taya na duba. Wani siririn hayaƙi ne fari, can nesa. Lokacin ƙunar daji ne, mafarauta kan saka wuta, makiyaya ma kan saka don sabon tsiro. Na ce da nisa.

"Da nisa," in ji shi, "amma iska wajenmu take."

Na murɗa handul, ƙarfen da ake zurawa ta gaba a tayar da injin, ta tashi, muka ci gaba. Na taka ta fiye da da. Ba mu yi tafiyar da ta kai daga masallacin Juma'a zuwa bakin kasuwa sau biyu ba, sai ƙarar nan ta dawo, ta fi ta farko muni, tururi ya rufe gilas har ba na ganin hanya. Na so in matsa mata. Amma na san in injin ya ƙone ya kame, ko mutum goma ba za su juya shi ba. Na kashe. Inda muka tsaya kuwa wani ɗan kwari ne, gamba ta haɗe sama da mu, ba wurin da ya fi shi muni a duk hanyar.

Da kukan injin ya ɗauke, sai na ji ɗayan kukan. Tas-tas-tas, ƙasa-ƙasa, kamar ana karya kara a gidaje ɗari lokaci guda. Na ɗaga kai. Hayaƙin ya zama baƙi, ya yi faɗi, ya ci rabin sama, shirwa sun fi a ƙirga suna shawagi a bakinsa suna cafkar abin da wuta ta koro. Fara ta fara faɗo mana a jiki. Wani zomo ya keto hanya ya bi ta tsakanin ƙafafuna bai ko kula da ni ba. 

Maigida ya sauko. Fuskarsa ta canja, amma muryarsa ba ta canja ba.

"Mu bar ta, mu tahi da ƙafa."

Na duba ƙafar goggo, shi ma ya duba. Na san akwai wani faƙo a gaba, fili mai tauri da ko ciyawa ba ta tsira, amma tsakaninmu da shi tafiya ce mai tsawo ko ga mai lafiya. Goggo ba ƙaramar mace ba ce. Na auna goyonta a raina, na auna iskar da ke kaɗa mini riga, lissafin bai fita ba.

Ta gane abin da muke dubawa. Ta gyara zama, ta ja mayafinta.

"Ku tahi, ɗiyan nan. Ni na ci zamanina."

"Inna, kak ki sake faɗin haka," in ji maigida. Ya juyo gare ni. "Direba, za ta tashi?"

"Ban sani ba, maigida."

Tun da na fara yi masa aiki ban taɓa furta masa wannan kalmar ba. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce to in sani.

Na koma gaban motar. Duk abin da ido zai gani na riga na gani. Saura hannu. Na ɗora tafina a saman lagireto, na janye da sauri, kamar garwashi. Na gangara da shi tsakiya, ɗumi. Na kai ƙasa, sai na ji sanyi kamar gindin randa. Na sake taɓawa don ban yarda ba. Ruwan mota yawo yake yi: in ya yi zafi cikin injin sai ya hau ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya gangaro yana hucewa, ya koma ta tiyon ƙasa. In sama na ƙuna ƙasa na sanyi, ruwan ba ya yawo ke nan, wani abu ya tare masa hanya. Zuciyata ta riga ta faɗa mini ko mene ne, bakina ne ya ƙi.

Tururin na shiga wa goggo ta taga. Na ga ta ɗaga hanci tana shinshinawa, kamar yadda takan yi in ta shigo gida ta tarar an bar tukunya kan wuta.

"Wa ke kaɗa miya cikin dajin ga? Warin kuka nika ji." Ta leƙo ta kafe ni da ido, irin kallon da take yi mini ina yaro in na sha mata nono a ɓoye. "Kai ɗan nan, mi kaz zuba mata?"

Na faɗa. Kututturen, da yoyon, da kukar, duka, da sauri, idona a ƙasa. Ina jira maigida ya yi magana, bai ce komai ba sai, "Nawa?"

"Tafi biyu da cokali."

"Tafi biyu!" in ji goggo. "Ai wagga miyar gidan suna ce. Kuka in ta sha wuta ta kwana, gindin tukunya take kwanciya ta daskare. Neme ta ƙasa."

Baƙin ɓurɓushin ciyawa ya fara sauka kanmu, wani da sauran ja a jikinsa. Ɗaya ya faɗa kan buhun auduga, na ga wurin ya yi baƙi yana faɗaɗa. Na yi ihu, maigida ya haye ya ture buhunan duka ƙasa, ya murje wutar da takalmi. Sannan ya rungumi garwar fetur, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki ko butarsa da kansa ba, ya ruga da ita baya ya ajiye nesa da mota, ya dawo ya kwashi ta biyun.

In na cire tiyon ƙasa ruwan zai zube, kuma ba mu da wani sai rabin garwa da salka. Goggo ta zazzage kayanta daga babbar ƙwaryarta ta miƙo mini. Na kwanta ƙarƙashin motar, na tara ƙwaryar, na kama kwance ƙarfen da ya ɗaure tiyon. Sukudireba ya zame sau biyu, na ji ina kiran sunan Allah da ƙarfi ban san na fara ba. Daga inda nake kwance ina ganin gindin ciyawa, ina ganin ƙadangaru da ɓeraye na wucewa duk waje guda. Ƙarfen ya saki. Na fizge tiyon, sai ruwan da ke cikin injin ya kwararo ta cikinsa, tafasasshe, ya wanke mini hannun dama daga wuya zuwa gwiwa kafin in karkata shi cikin ƙwarya. Na ji zafin har cikin haƙorana. Amma ta bakin lagireto, inda ya kamata ruwa ya zubo, ko ɗigo babu.

Na zura yatsa. Na taɓa wani abu mai taushi kamar kwantan tuwo. Na karyi kara na soka, na juya, na ja. Wani curi ya faɗo, kore-baƙi, haɗe da tsatsa, ya kai girman ƙwan kaza, wani ya biyo shi, sannan ruwa ya ɓalle, mai yauƙi, yana jan zare. Na zura karan cikin tiyon ma na fitar da wani.

"An same ta!" na ce. "Amma ruwan ga sai an tace, in ba haka ba ta sake toshewa."

Ba mu da ƙyalle mai faɗi. Maigida ya kai hannu ya warware rawaninsa, fari sol, ya ninka ya shimfiɗa a bakin garwa. Ban taɓa ganin kansa ba rawani ba, ashe sanƙo gare shi. Ina miƙo ƙwarya yana juyewa, yauƙin ya ƙi wucewa, sai ya tattara bakin rawanin ya murɗe da hannu biyu, ruwan zafi na bi masa ta yatsu. Na mai da tiyon na ɗaure. Muka juye garwar cikin lagireto, muka bi da salka, goggo ta miƙo 'yar butar alwalarta muka ƙara. Bai cika ba, amma ya rufe ramukan.

Sai na ji ɗis, ɗis. Tsagar nan ta dawo, tunda abin da ya toshe ta ya fita. Na tsaya ina dubanta, kaina ya ƙulle. Goggo ta jefo mini curin sabulun salonta ta taga. Na lanƙwasa shi da yatsa na cusa a tsagar ta waje, na danne. Ɗigon ya tsaya.

Lokacin rana ta koma ja kamar tsakiyar murhu, tari ya kama mu duka uku. Kukan wutar ya daina zama tas-tas, ya zama guu, kamar ruwa mai ƙarfi na tahowa kan rufin kwano. Na kama handul da hannun da ya ƙone, ga yauƙi ga sabulu, ya suɓuce. Na goge a ƙasa na sake kamawa. Na murɗa, shiru. Na murɗa, ta yi tari ta mutu. Na waiga, abin da bai kamata in yi ba, na ga harshen wuta ya tsallake hanya a bayanmu, ya fi bishiyar da ke wurin tsawo. Goggo ta daina magana da mu, kalmar shahada take maimaitawa, a natse, kamar mai jan carbi bayan salla. Wannan natsuwar tata ta fi wutar ba ni tsoro.

Na haɗa hannu biyu na murɗa da duk jikina. Ta kama.

Ban san yadda na shiga ba. Na ji maigida ya buga rufi yana cewa mu tahi, na saki kuloci. Hayaƙi ya rufe hanya, da sawun jakai nake bi, in ya ɓace in bi inda ciyawa ta fi gajarta. Zafi na dukan ƙeyata ta bayan gidan mota. Kunnena ɗaya na kan injin, ina jiran ƙwas-ƙwas ɗin nan, na san in ta dawo ba sauran dabara. Maigida na kwance kan fatu yana bugun tartsatsi da jiƙaƙƙen rawaninsa. Can muka ji dum a baya, ƙasa ta amsa, sannan wani dum ɗin. Garwannin fetur ne.

Ciyawa ta fara gajarta, ta koma tsilli-tsilli, sai ga jar ƙasa. Na shiga faƙon har tsakiyarsa na tsaya. Ban kashe injin ba sai da na sauka na taɓa ƙasan lagireto. Da ɗumi. Na taɓa sama, da zafi amma hannu na iya zama. Sannan na kashe, na zauna a ƙasa.

Wutar ta iso bakin faƙon, ta rabu biyu ta zaga mu. Muka rufe fuska da riguna, muna jin ta tana wucewa. 

Maigida ya yi taimama ya yi azahar, kansa ba rawani, na bi shi, goggo ta yi tata a zaune. Da muka sallame ya daɗe yana duban hannuna, fatar ta tashi ta yi ƙuraje manya masu ruwa.

"Da ka gaya mini ran da kad daki kututturen, mi kake tsammani zan yi maka?"

"Ban sani ba, maigida."

"Ni ma ban sani ba. Ƙila da na kore ka." Ya duba rawanin da ya koma kore da baƙi, ya ninke shi ya sa a aljihu. "Tashi mu tahi."

Bai sake tayar da maganar ba har muka rabu shekaru bayan haka. Muka shiga Illela da la'asar sakaliya, muna tsayawa duk rijiyar da muka gani muna ƙara ruwa. Wani maƙerin fari ya like tsagar da dalma. Goggo ta ce in wanke cikin lagireton da ruwan tsamiya, tsami ke kashe yauƙi, na yi haka sau uku kafin ruwan ya fito garau. Ita ta warke bayan wata biyu, ko da yake ƙafar ba ta koma daidai ba. Hannuna ya ɗauki lokaci, tabon na nan har yau, fari-fari.

Da hannun ya fara kamewa na ari jaki na koma wurin ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Dajin ya zama baƙi har iyakar gani, sabon tsiro ya fara leƙowa. Na gane kwarin da garwannin, sun buɗe sun nannaɗe kamar ganyen da ya bushe. Inda motar ta tsaya na ga tokar auduga, da guntun ƙwaryar goggo da na bari a ƙasa, da sukudirebana, ƙotarsa ta ƙone saura ƙarfen. Na ɗaure jakin a wani kututture. Na tashi daga nan da ƙafa zuwa faƙon, da sauri iyakar ƙarfina, ba kowa a bayana, ba hayaƙi, hanya a share. Na yi ta tafiya ina cewa yanzu zan hango jar ƙasa. Numfashina ya ƙare, na tsaya na huta, na ci gaba, na sake hutawa, ban hango ta ba tukuna. A hutu na uku na zauna kan toka, gumi na zubo mini, na gane ko ni kaɗai ne da wutar ta cim mini kafin faƙon, balle da goggo a bayana. Ban ƙarasa ba. Na juya na koma na kwance jakina.